ƁOYE FAYIL DA BAYYANA SHI A CIKIN KWAMFUTAR OFIS

Bayani ga Hakimai da Magatakardansu

An shirya wannan ɗan littafi ne domin hakimai, iyayen ƙasa, da magatakardansu, da sauran malaman da aka danƙa wa amanar takardun gunduma. A zamanin En'e, kafin gyaran ƙananan hukumomi na 1976, aikin gunduma duka a kan takarda ya ke: littafin gunduma, da rajistar haraji da jangali, da wasiƙun fada. Wanda ya ke son ya san abin da ke cikin ofis sai ya buɗe kabad ya ƙirga. Da yawa daga cikin irin waɗannan takardu suna nan ajiye har yau a Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna. Yanzu kuwa a ofisoshi da dama kwamfuta ce ta zama kabad. A cikinta a ke ajiye takardun iyakar gonaki, da na rabon gado, da na sulhu tsakanin manoma da makiyaya, da sunayen dagatai da masu unguwanni.

To, wannan sabon kabad yana da wata ɗabi'a wadda tsohon ba shi da ita, watau yana iya riƙe takarda a cikinsa amma ya ƙi nuna ta. Wanda bai san wannan ba yana iya zargin malaminsa da sata alhali ba a saci kome ba. Yana kuma iya sakin jiki cewa ya tsare asirin hukuma alhali ƙofa a buɗe ta ke. Rashin sani ya fi dare duhu. Saboda haka a karanta abin da ke biye da natsuwa, in da hali a gaban kwamfutar, ana karantawa ana gwadawa.

1. Akawun Fayiloli

Kowace takarda, ko hoto, ko lissafi da aka ajiye cikin kwamfuta, sunansa fayil. Ana tara fayiloli cikin jaka, wadda ma'aikata su ke kira folda, jaka kuma tana iya ƙunsar waɗansu jakunkuna. Akwai wani shiri a cikin kowace kwamfuta wanda aikinsa daidai ya ke da na akawun rajista: shi ya ke jera sunayen fayiloli, ya ɗauko wanda aka nema, ya mai da shi inda aka ce. A kwamfuta mai Windows sunansa File Explorer, a kwamfutar kamfanin Apple sunansa Finder, a masu Linux kuwa galibi Files ne ko Dolphin. A cikin wannan littafi za mu kira shi akawun fayiloli.

Abin da ya kamata a riƙe tun daga nan shi ne, jerin sunayen da a ke gani a fuskar kwamfuta ba shi ne dukan abin da ke ciki ba. Abin da akawu ya nuna ke nan, bisa ga umurnin da aka ba shi.

2. Ma'anar Ɓoye Fayil

A Windows kowane fayil yana ɗauke da waɗansu 'yan alamomi tare da sunansa, kamar yadda a ke buga hatimi a bangon fayil na takarda. Sanannu a cikinsu huɗu ne. Ta ɗaya tana cewa a karanta kawai, kada a sāke kome. Ta biyu tana cewa a ɓoye. Ta uku tana cewa wannan kayan aikin kwamfuta ne. Ta huɗu ta masu kwafe fayiloli domin ajiya ce. Wannan tsari tsoho ne, Windows ya gaje shi daga DOS, wanda ya fito tare da kwamfutar kamfanin IBM a 1981.

Idan aka sa wa fayil alamar ɓoyo, abu ɗaya tak ya faru: akawu ya daina kiran sunansa cikin jeri. Fayil ɗin yana nan inda ya ke, bai ragu ba, bai sāke ba, wurin da ya cika yana nan a cike. Wanda ya san sunansa da jakar da ya ke ciki yana iya buɗe shi. In an share jakar, ya tafi tare da ita. Misalinsa kamar labule ne a bakin ƙofa. Labule yana tsare ido, amma ba ya tsare hannu.

3. Abin da Ya Sa Kwamfuta Ta ke Ɓoye Nata Fayiloli

Tun ranar da aka sayo kwamfuta akwai fayiloli masu yawa da ta ɓoye da kanta, ba don wani mugun nufi ba, sai don kada mai aiki ya taɓa su bisa kuskure. Ga kaɗan daga cikin waɗanda za a tarar in an ɗaga labule.

Akwai jaka mai suna AppData a cikin jakar kowane mai aiki. A nan shirye-shirye su ke ajiye tsare-tsarensu, wani lokaci har da wasiƙun da aka karɓa. Akwai ɗan fayil mai suna desktop.ini, wanda ya ke riƙe da yadda jaka za ta bayyana. Akwai Thumbs.db, mai riƙe da ƙananan kwafen hotuna. Akwai pagefile.sys, babban fayil wanda kwamfuta ta ke juye aiki a ciki in ƙwaƙwalwarta ta cika. Akwai kuma jaka mai suna System Volume Information, wadda a kan gani har a cikin filashi.

Har ila yau, duk sa'ad da aka buɗe wasiƙa da Word, shirin yana ƙirƙirar wani ɗan ɓoyayyen fayil kusa da ita, sunansa yana farawa da alamomin ~$, don ya nuna cewa wani yana aiki a kanta. In an rufe wasiƙar sai ya ɓace. In wuta ta ɗauke ana cikin aiki, yakan saura. Wannan ba cuta ba ce, ba kuwa kwafen wasiƙar ba ne.

Ƙa'ida a nan ita ce: abin da ba kai ka ajiye ba, ba kuma ka san aikinsa ba, kada ka share shi, kada ka sāke masa suna. Matambayi ba ya ɓata.

4. Yadda A ke Ɓoye Fayil a Windows

Tun da umurnin kwamfuta galibi da Turanci a ke rubuta su, za mu kawo kalmomin kamar yadda za a gan su a fuskarta.

Da fari a buɗe akawun fayiloli. Hanya mafi sauri ita ce a danne maɓallin Windows tare da harafin E. A nemi fayil ko jakar da a ke so, a ɗora kibiya a kai, a danna ɓangaren dama na linzami. Jerin umurni zai sauko, a zaɓi "Properties". A ƙasan tagar da ta buɗe akwai ɗan akwati mai suna "Hidden". A sa masa alama, sa'an nan a danna "OK". In jaka ce mai kaya a ciki, kwamfuta za ta tambaya ko jakar kaɗai za a ɓoye, ko har da dukan abin da ke cikinta. Ya fi kyau a zaɓi jakar kaɗai, domin warware wannan ya fi sauƙi.

5. Yadda A ke Bayyana Abin da Aka Ɓoye

A Windows 11, wanda ya fito a 2021, a danna "View" a saman taga, a gangaro zuwa "Show", a sa alama a "Hidden items". A Windows 10, wanda ya fito a 2015, a danna "View", ɗan akwatin "Hidden items" yana nan a jere a sama. A Windows 7 na 2009 hanyar ta ɗan fi tsawo: a danna "Organize", sa'an nan "Folder and search options", sa'an nan "View", a zaɓi layin da ya ce a nuna ɓoyayyun fayiloli da jakunkuna. A sani kuma kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 7 a Janairu 2020, ya kuma kawo ƙarshen kulawar yau da kullum ga Windows 10 ran 14 ga Oktoba 2025. Ofishin da har yanzu ya ke aiki da su ya kamata ya kai maganar gaba.

Da zarar an yi haka, ɓoyayyun fayiloli za su fito, amma hotonsu a koɗe, kamar tawadar da ta sha rana. Da wannan a ke bambanta su da sauran. A lura da kyau, nuna ɓoyayyen fayil dabam ne da cire masa alamar ɓoyo. Na farko ɗaga labule ne kawai, in an sake shi fayil ya koma ɓoye. Wanda ya ke son fayil ya fito fili ɗungum, sai ya koma "Properties" ya cire alamar da ke cikin akwatin "Hidden".

6. Labule na Biyu

Akwai fayilolin da ba sa fitowa ko an yi abin da aka faɗa a sama. Su ne waɗanda su ke ɗauke da alama biyu a haɗe, ta ɓoyo da ta kayan aikin kwamfuta. Don a gan su sai an shiga "Options", an danna "View", an cire alama daga layin da ya fara da "Hide protected operating system files". Kwamfuta za ta yi gargaɗi kafin ta yarda, gargaɗin kuwa gaskiya ne, gama share ɗaya daga cikin waɗannan yana iya hana ta tashi. Kada a ɗaga wannan labule sai da dalili, in an gama kuwa a mai da shi nan take.

7. Kwamfutocin Apple da Masu Linux

Waɗannan al'adarsu dabam ce, sun gaje ta daga Unix, wanda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara ginawa a 1969 a ɗakin bincike na Bell a Amurka. A wurinsu duk fayil ɗin da sunansa ya fara da ɗigo, ɓoyayye ne. Asalin abin yana da ban mamaki. A Unix kowace jaka tana da suna biyu na musamman: ɗigo ɗaya, watau jakar kanta, da ɗigo biyu, watau uwarta. Aka so shirin da ke jera sunaye ya riƙa tsallake su. A 2012 Rob Pike, wanda ya yi aiki a wannan ɗakin bincike, ya bayyana cewa yanke aka yi, aka ce shirin ya tsallake duk sunan da ya fara da ɗigo. Mutane suka lura, suka shiga sa ɗigo ga abin da ba sa son a gani, har abin ya zama doka.

Don a bayyana su a Finder, a danne maɓallan Command da Shift da ɗigo gaba ɗaya. In an sake dannawa sai su koma. Wannan hanya ta shigo ne a 2016. A Files na Linux kuwa a danne Ctrl tare da harafin H.

Windows bai ɗauki ɗigo alamar ɓoyo ba, Linux kuma galibi ba ya kula da alamar Windows. Saboda haka abin da aka ɓoye a wannan kwamfuta yana iya fitowa fili da zarar an sa filashin a waccan.

8. Filashin da Aka Ce Ya Zama Wayam

Wannan shi ne sashen da ya fi shafar ofisoshin gunduma. A ce magatakarda ya kai filashi shagon buga takardu a cikin gari don a buga masa wasiƙa. Ya dawo ofis, ya sa shi a kwamfuta, sai ya tarar ba kome, ko kuwa ya ga jakunkunansa amma kowace da 'yar kibiya a gefen hotonta. Nan da nan hankali ya tashi, a fara zargin juna.

Sau da yawa takardun suna nan. Wata irin cutar kwamfuta ce mai bin filashi. Tana sa wa jakunkuna alamar ɓoyo da ta kayan aiki, sa'an nan ta ajiye 'yan manuni masu sunayensu a madadinsu. Wanda ya danna manunin ya tayar da cutar ke nan, ta kama kwamfutar ofis, ta jira filashi na gaba. Ga abin da za a yi, bi da bi.

Na ɗaya, kada a danna kowane abu mai 'yar kibiya. Na biyu, kada a wanke filashin, watau abin da kwamfuta ta ke kira "Format", domin wannan shi ne zai hallaka takardun da gaske. Na uku, a duba nauyin kayan: a danna dama a kan hoton filashin, a zaɓi "Properties". In an ga, misali, filashi mai gigabait 8 yana ɗauke da gigabait 5, alhali abin da ido ke gani bai taka kara ya karya ba, to kayan suna nan a ɓoye. Na huɗu, a bincike filashin da kwamfutar da maganin cutar kwamfuta wanda aka sabunta. Na biyar, a duba harafin da kwamfuta ta ba filashin. A ce E ne. A buɗe tagar umurni mai suna Command Prompt, a rubuta wannan layi daidai, har da tazarar da ke tsakani, a danna Enter:

attrib -h -s -r /s /d E:\*.*

Ma'anarsa ita ce a cire alamar ɓoyo, da ta kayan aiki, da ta karatu kawai, daga dukan fayiloli da jakunkunan da ke cikin E. A tabbata harafin na filashin ne. Kada a kuskura a sa C, gama C ita ce ma'ajiyar kwamfutar kanta. Dalilin bin wannan hanya shi ne, muddin alamar kayan aiki tana kan jaka, akwatin "Hidden" ba ya danuwa. Bayan jakunkuna sun dawo, a share manunan ƙarya, a kwafe takardun zuwa wani wuri amintacce.

A kuma tuna, abin da aka share daga filashi galibi ba ya zuwa kwandon shara na kwamfuta. A duba sau biyu kafin a share.

9. Wutsiyar Suna

Akwai wani ɓoyo kuma da ya cancanci a ambata. Sunan kowane fayil yana da wutsiya bayan ɗigo mai nuna irinsa: docx wasiƙa ce, xlsx lissafi, jpg hoto, exe kuwa shiri ne mai aiki da kansa. Windows yana zuwa da waɗannan wutsiyoyi a ɓoye, mugaye kuwa sun daɗe suna cin moriyar haka. A watan Mayu na 2000 wata cuta da aka sani da ILOVEYOU ta taso daga ƙasar Filifin ta kama miliyoyin kwamfutoci a duniya. Fayil ɗinta yana da wutsiya biyu, txt sa'an nan vbs. Da aka ɓoye ta ƙarshe, sai mutane suka ɗauka rubutu ne kawai, suka buɗe. Maganin wannan yana kusa da akwatin "Hidden items", sunansa "File name extensions". A sa masa alama a bar shi haka har abada. Rigakafi ya fi magani.

10. Ɓoyo Dabam, Kulle Dabam

Daga abin da ya gabata an ga cewa duk wanda ya zauna gaban kwamfuta yana iya ɗaga labule da dannawa biyu ko uku. Ban da haka, sunan wasiƙar da aka ɓoye yakan kasance cikin jerin waɗanda aka buɗe kwanan nan a Word. Amfanin ɓoyo shi ne rage cunkoso da kare fayil daga hannun mai gaggawa. Takardar da ta shafi mutuncin mutane, kamar ƙarar aure, ko rigimar gado, ko rahoton tsaro, kulle ta ke bukata.

Kulle hawa uku ne. Na fari, kowane malami ya sami ƙofar shigarsa da kalmar sirrinsa, in zai tashi kuma ya danne maɓallin Windows da harafin L. Na biyu, a sa wa wasiƙar kanta kalmar sirri: a Word a bi "File", "Info", "Protect Document", "Encrypt with Password". Na uku, a kulle ma'ajiyar duka ko filashin da BitLocker, wanda ke cikin Windows irin na ofisoshi, ko FileVault a kwamfutar Apple. Waɗannan suna hautsina rubutun ne yadda ba mai karanta shi sai mai mabuɗi.

Amma kulle yana da nasa haɗari. In kalmar sirrin wasiƙar Word ta ɓace, kamfanin ma ba zai dawo da ita ba. BitLocker yana ba da mabuɗin ceto mai lamba 48. Lalle ne a rubuta irin waɗannan a takarda, a sa cikin ambulan, a liƙe, a ajiye a hannun hakimi. Kada mabuɗin takardun gunduma ya zauna a kan mutum ɗaya, gama rai da ajali na Allah ne, canjin wurin aiki kuma ba ya sallama.

11. Amana da Doka

Takardun ofis ba na magatakarda ba ne, ba kuma na hakimi ba ne, na jama'a ne. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba mutane ikon neman bayanai daga ma'aikatun hukuma, sashe na 10 kuma ya tanadi ɗaurin da bai gaza shekara 1 ba ga ma'aikacin da ya lalata takardun da ke hannunsa da gangan, ko ya yi ƙoƙarin sāke su kafin a ba mai nema. Dokar Kare Bayanai ta 2023 kuwa ta ɗora wa masu riƙe bayanan mutane nauyin tsare su. Ta farko tana hana a danne abin da ya kamata a nuna, ta biyu tana hana a yi sakaci da abin da ya kamata a tsare. Alamar ɓoyo ba ta fid da ma'aikaci daga ko ɗaya cikinsu.

Ranar miƙa aiki ita ce ranar da ɓoyayyun fayiloli su kan salwanta. Dalili shi ne, in an buɗe jaka aka ce a zaɓi duka da Ctrl da A, abin da ido ke gani kaɗai a ke zaɓa, ɓoyayyu a bar su a baya. In kuwa jakar kanta aka kwafe daga waje, sai ta tafi da kome da kome. Don a tabbata, a duba "Properties" na jakar asali da na kwafen. A nan kwamfuta tana faɗin yawan fayilolin da ke ciki har da ɓoyayyu. In wannan ta ce 240 waccan ta ce 236, to huɗu sun maƙale, a neme su kafin a sa hannu. Ran wanka ba a ɓoyon cibi.

12. Abubuwan da Za a Riƙe

Muna roƙon hakimai su umurci ofisoshinsu da waɗannan abubuwa. A buɗe ɗan littafi na takarda, duk fayil ɗin hukuma da aka ɓoye ko aka kulle a rubuta sunansa, da jakarsa, da ranar, da dalilin. Kada a sa filashin waje a kwamfutar ofis sai an bincike shi. A riƙa kwafe takardun gunduma a kai a kai zuwa wata ma'ajiya dabam, a ajiye ta a wani ɗaki. Ran miƙa aiki a bayyana ɓoyayyun fayiloli a gaban mai tafiya da mai karɓa da shaida, a ƙirga, kowa ya sa hannu. In fayil ya ɓace, a fara da ɗaga labule da duba nauyin ma'ajiya tukuna, kafin a kira sunan kowa.

Ofishin da ya bi waɗannan zai tsare haƙƙin talakawan da gonakinsu da gadonsu ke rubuce a cikin kwamfutarsa, zai kuma tsare mutuncin malamansa daga zargi marar tushe. Allah ya ja zamanin iyayen ƙasa, ya ba mu ikon riƙe amana. Amin.